Daga kwandon daddawa zuwa ruwan rijiya: ƙananan halittu masu cin ƙazanta

 

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa kan wasu halittun Allah ne da ido ba ya ganinsu, alhali suna aiki a kowane gida daga Salaga har Bawku. Masana suna kiransu bakteriya. Da yawanmu in mun ji sunan, cuta kawai ke faɗo mana a rai. Gaskiya ne akwai masu kawo kwalara da taifot da tarin fuka, amma mafi yawansu ba ruwansu da cutar da mutum, wasu ma da su muke cin abinci.

Mu duba daddawa. Uwa takan dafa kalwa tsawon yini har ta yi laushi, ta sussuke ɓawon, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta juye a kwando ko ƙwarya ta lulluɓe da ganye da buhu, ta ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A kwanakin nan ba ta taɓa komai, amma aiki ake yi a ciki. Wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis, wadda ƙwayoyinta ke jure zafin dahuwa, ita ke yaɗuwa a jikin kalwar tana farfasa sinadarin gina jiki zuwa ƙanana-ƙanana. Daga nan ɗanɗanon ke fitowa, daga nan kuma warin nan mai hawa kai, wanda iskar amoniya ce. Shi ya sa lulluɓin yake da muhimmanci: in sanyin hunturu ya shiga, aikin sai ya tsaya, daddawar ta ƙi. Mutanen Japan da irin wannan bakteriyar suke yin wani abincinsu na waken suya mai suna natto. Tsamin koko da na nono kuwa aikin wani jinsi ne daban, mai mayar da zaƙin hatsi da na madara ya koma tsami, kuma tsamin nan yana takura wa ƙwayoyin cuta da dama. Sai a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa halittu masu rai ne ke tsamar da madara. Iyayenmu sun daɗe suna sarrafa su, sunan ne kawai ba su sani ba.

Ɗaliban fiƙihu ma sun haɗu da su ba tare da an ambace su ba. Mas'alar giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khalli, wadda malamai suka ce ta tsarkaka, bakteriya ce ke yin wannan rikiɗar: tana cin sinadarin mai sa maye, da taimakon iska, ta mayar da shi tsami.

To, abin da ke cin kalwa a kwando, danginsa na iya cin ƙazanta. Wannan shi ne tunanin da aka gina ƙirƙire-ƙirƙire masu yawa a kansa. Mafi kusa da mu shi ne masai na zamani da ake kira bayodaijesta, wanda ya bazu a gidajen Gana: ƙaramin akwati ne na siminti da ke tace ruwa gefe, ya bar sauran ga ƙananan halittu su cinye har ya koma kamar ƙasa. Duk kwamitin masallacin da ke da irinsa ya kiyaye abu ɗaya. In ladan ko almajirai suna antaya masa bilic da sauran magunguna masu ƙarfi kullum don neman tsafta, ma'aikatan da ke ciki suke kashewa, sai ramin ya cika ya fara wari. Kuma ko wane irin masai ne, a nisanta shi da rijiya, gwargwadon mita 30 in fili ya samu, kada ya kasance ta saman gangare.

A wajen man fetur labarin ya fi shahara. Wani masani ɗan asalin Indiya, Ananda Chakrabarty, yana aiki da kamfanin General Electric a Amurka, ya haɗa wata bakteriya mai iya farfasa sassan ɗanyen mai da dama. Neman rajistar mallakarta ya kai har Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda a 1980 ta yarda a ba shi, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Abin mamaki, ba a saki wannan bakteriyar a teku ba. Da jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a gaɓar Alaska a 1989, taki aka watsa a bakin ruwa don bakteriyar da Allah Ya riga Ya ajiye a wurin ta samu abinci ta yawaita. A 2016 kuma masana a Japan suka ba da labarin wata da ke cin robar kwalbar ruwa. Kada dai wani ya ji haka ya ce a bar mata ledojin fiya wata da suka toshe mana kwatoci. Tana da nawa ƙwarai, kuma ledar ma ba irin robar da take ci ba ce.

Yanzu ga iyakar abin, kuma nan ne ya kamata matasanmu su saurara. Mai da kashi da ragowar abinci ana iya farfasa su su zama iska da ruwa da taki. Ƙarfe ba ya farfasuwa haka. Zaibar da masu galamse ke kama zinariya da ita, a kudu da kuma ramukan yankin Talensi da Bawku ta Yamma, ba bakteriyar da za ta shafe ta daga duniya. Abin ma ya fi haka muni: in zaiba ta kwanta a laka ƙarƙashin ruwa, wasu bakteriya suna mayar da ita wani nau'i da ya fi dafi, wanda ke taruwa a naman kifi, ya bi ta cikin mai juna biyu ya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Irin wannan dafin ne ya nakasa mutanen garin Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya kan zaiba a 2013. Mai ƙona zaiba a ɗaki ko a tsakar gida, hayaƙin yana shiga huhunsa da na 'ya'yansa. A Zamfara, a 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a gida ta kashe yara ɗari huɗu ko fiye. Maganin da aka yi shi ne kankare ƙasar tsakar gidaje a kwashe a binne, a zubo sabuwa, sannan likitoci suka ba yara wani magani mai kama dalmar a jini ya fitar da ita ta fitsari.

Sai ruwan sha. Mutanen Yendi sun san halin kogin Daka da rani, mutanen Salaga kuma garinsu da rijiyoyi aka san shi tun zamanin fataucin goro. Alam da ake jefawa a randa yana haɗa ƙurar laka ta dunƙule ta kwanta. Dakakken 'ya'yan zogale ma yana yin haka. Amma kwantar da laka daban, kashe ƙwayar cuta daban. Bayan ruwa ya kwanta a tsiyaye na saman, a tafasa shi ko a sa ƙwayar kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. In aka sa kulorin a ruwa mai laka, lakar ce za ta cinye ƙarfinsa. Dattawa za su tuna kurkunu. Da matatar ƙyalle, da wani magani mai suna Abate da ake zubawa a tafki ya kashe ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da tsutsar, da hana mai ciwon shiga ruwa, aka ci ƙarfinsa. An ga na ƙarshe a Gana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015.

Ɗalibi zai tambaya: ruwan da aka tace daga ƙazanta, ana alwala da shi? A Ahalari da Ishmawi mun koyi cewa ana duba launi da ɗanɗano da ƙamshi. A kan wannan ma'auni Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa a 1398 bayan Hijira, wato 1978, cewa ruwan ƙazanta in aka tace shi sarai har najasa ba ta bar alama a siffofin nan uku ba, ya tsarkaka, amma shansa sai in babu cutarwa ga lafiya. Wannan sharaɗin na biyu a riƙe shi da kyau. Ruwa yana iya zama garai-garai, alwala ta inganta da shi, amma ga kwalara ko zaiba a ciki, don ido da hanci ba sa kama su. Tafasawa tana kashe kwalara, ba ta cire zaiba. Rijiyar da ke kusa da wurin wankin zinariya, sai an kai ruwanta ɗakin gwaji kafin a ba yaro.

Wallahu a'alam.