Keke Mai Ninkewa: Yadda Ake Kula da Shi Kafin Ƙarfe Ya Gaji

Da sanyin safiya a tashoshin jirgin ƙasa na birnin Landan, akan ga ma'aikaci ya iso a kan wani ɗan keke mai ƙananan ƙafafu, ya sauka, ya kwance maɗaurai biyu, kafin a ankara keken ya dunƙule ya koma kamar akwatin tafiya, ya ɗauke shi ya shiga jirgi. Mafi shahara cikin irin waɗannan kekuna shi ne Brompton, wanda wani injiniya mai suna Andrew Ritchie ya fara tsarawa a ɗakinsa a 1975, kuma har yau a Landan ake ƙera shi. To, amma wannan ƙanƙanta da ta sa aka so shi, ita ce kuma take sa wasu sassansa su riga na babban keke cinyewa.

Dalilin yana cikin lissafi. Faɗin ƙafar yawancin kekunan Brompton inci 16 ne, saboda haka a juyi ɗaya takan ci kimanin mita 1.3 na hanya, alhali ƙafar babban keke tana cin fiye da mita 2. Wato a kowace kilomita ƙaramar ƙafar za ta juya wajen sau 760, babbar kuwa wajen sau 460. Kowane wuri a jikin tayar zai fi yawan taɓa kwalta, haka nan robar burki za ta yi ta goge ƙaramin rim ɗin da ba shi da yalwar da zai raba gogayyar. Idan ruwan sama ya kwaso yashi ya liƙa a robar burki, sai ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Sannu a hankali gefen rim yakan yi siriri, har wata rana iskar da ke cikin taya ta tsaga shi. Don haka mai lura yakan goge rim da tsumma, ya cire tsakuwar da ta maƙale a roba, ya kuma shafa gefen da yatsa ya ji ko ya fara rami.

Ita ma iska sai an duba ta kowane mako. Tayar irin wannan keke takan ɗauki har fam 100 a kan kowane murabba'in inci, wato kusan ninki uku na tayar ƙaramar mota, kuma ainihin adadin yana rubuce a gefen tayar. Da yake cikinta ƙarami ne, 'yar iskar da ta sulale takan rage ƙarfinta ƙwarai. Taya mai laushi kuwa, da ta faɗa rami sai rim ya datse tiyub, a koma faci.

Sarƙa ce ta fi shan wahala, domin tana kusa da ƙasa, tana kwasar laka da gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin sanyi don hana ƙanƙara daskarewa. Masu keke kan ce sarƙa ta miƙe, amma ƙarfenta ba ya miƙewa kamar danƙo. 'Yan ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne suke cinyewa, kowace gaɓa ta sami ɗan sarari, sararin nan ya taru ya zama tsawo. Kowane ɗalibi zai iya gwada wannan da rula a jikin kowane keke. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka tazara 24 a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin sha shida na inci, lokacin canji ya yi. In aka bari ta kai kashi ɗaya cikin takwas, to, ta riga ta ci haƙoran giya, sai a sayi duka. Wajen sa mai kuma, yawa ba shi ne gwaninta ba: ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sa'an nan a goge na waje sarai, don man da ya rage a waje ƙura kawai yake tarawa.

Akwai wurin da ba a sa wa mai ko kaɗan, wato sandar sirdi, wadda ake turawa ƙasa duk lokacin ninkewa. Cikin wani kwaroron roba take zama, in ta sami maiƙo sai ta riƙa zamewa. Wayoyin burki da na giya kuwa suna lanƙwashewa a kowace ninkewa, shi ya sa ake duba su ko sun fara tsinkewa.

Amma haɗarin da ya fi duka shi ne wanda ido ba ya saurin gani. Duk yaron da ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san shi, ko da bai san sunansa ba: gajiyar ƙarfe. Wani injiniyan Jamus, August Wöhler, ya binciki lamarin a ƙarni na 19, sa'ad da yake neman dalilin karyewar sandunan ƙafafun jirgin ƙasa. Ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi in aka yi ta maimaitawa. Baƙin ƙarfe, wanda da shi ake yin gangar jikin yawancin kekunan Brompton, yana da wata iyaka wadda in nauyi bai wuce ta ba zai daɗe ƙwarai yana jurewa. Alminiyam ba shi da wannan iyaka. Kowace girgiza tana rage masa kwana, ɗan tsagu ya fara kamar silin gashi, ya yi ta ci a ɓoye.

Da alminiyam ake yin kan keken, da hannuwan feda, da kuma 'yan farantan da suke matse gaɓoɓin ninkewa. Saboda haka kamfanin ya ba da shawarar a canza su bayan kowace tafiyar mil 5,000, wato kimanin kilomita 8,000, ko da suna nan suna ƙyalli. Ma'aikacin da yake yin kilomita 16 a rana, kwana biyar a mako, zai cika wannan adadi cikin shekara biyu. Kafin nan, duk ranar wanki sai ya kai keken cikin haske ya duba gindin kan da bakin farantan, ya kuma kasa kunne ga duk wata sabuwar ƙara da ta fito daga gaɓa.