Kowane Inji Da Awon Mansa

Yau zan ɗan kauce daga zancen girki da reno, in ɗauko maganar da wataƙila za ki ce ta maza ce, watau maganar inji da man da yake sha. To, kada ki yi saurin juya shafi. In kin duba garinmu Tafoki, cikin ƙaramar hukumar Faskari, har zuwa ƙauyukan Ƙanƙara da Sabuwa, za ki tarar yawancin ƙananan injinan markaɗe da ke kuka a zaure ko a tsakar gida na mata ne. Wata da kuɗin adashe ta saya, wata tunkiyarta ta sayar. Ashe kuwa abin da ya taɓa inji ya taɓa tukunya.

ABIN DA YA FARU A MAƘWABTA

Bara da damina wata maƙwabciyata, uwar 'ya'ya biyar, ta kwana huɗu injinta bai tashi ba. Babbar 'yarta tana sana'ar haɗa turare, tana kuwa sayo wani farin ruwa mai kama da sifirit ɗin asibiti, ana ce masa itanol, da shi take narkar da turaren. Ƙanenta kuma, yaron da ke tayar wa uwar inji, ya ga wani hoto mai motsi a wayar abokinsa, inda aka nuna wata motar tsere ta ƙasar Amurka wadda aka ce ta ƙara ƙarfi tun da aka koma zuba mata itanol. Ba shawara ba komai, yaro ya faki ido ya ɗauki kwalbar yayarsa ya juye a tankin inji a kan ɗan fetur ɗin da ya rage.

Inji ya tashi, ya yi ta tari yana ja da baya, ya ɗauki zafi, kana ya mutu da markaɗen wake a bakinsa. Da uwar ta tsare shi da tambaya, sai ya ce, "Wallahi Inna, so na yi ya ƙara gudu mu gama da wuri." Aka ɗora inji a babur zuwa Funtuwa. Bakanike ya wanke kafireto, ya sake tiyo da fulogi. Kuɗin gyara da na babur da cinikin kwana huɗu duk suka tafi, masu kawo markaɗe kuma suka koma wani gida, wasunsu har yau ba su dawo ba.

Abin da ya sa na ɗauko labarin nan shi ne, yaron bai yi ƙarya ba. Motar da ya gani da gaske itanol take sha, da gaske kuma ta ƙara ƙarfi. Kuskurensa ɗaya ne: ya ga man da aka zuba, bai ga aikin da aka yi wa injin kafin a zuba ba. Na zauna da ƙanen maigidana, wanda yake bakanike ne, na kuma duba littattafan kimiyya, ga abin da na tattaro mana.

MENE NE ITANOL?

Itanol ruwa ne da ake samu in an tsima abu mai zaƙi ko mai gari, kamar rake ko masara ko dawa ko rogo, sa'an nan a tace shi ta hanyar tururi. Shi ne sinadarin da ke sa maye a cikin giya, shi ya sa wanda za a zuba wa mota akan gauraya shi da fetur tun a masana'anta don kada ya shawu. Kin san shi ba tun yau ba, domin da shi ake yin yawancin man goge hannun da muka yi ta shafawa a shekarar 2020 lokacin annobar korona.

A ƙasar Barazil, bayan da mai ya yi tsada a duniya a 1973, gwamnati ta kafa shirin yin man mota daga rake a watan Nuwamba na 1975. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da wata ƙaramar mota mai lamba 147 wadda itanol zalla take sha. A 2003 kuma Volkswagen ya fito da mota mai suna Gol wadda ke karɓar fetur ko itanol ko gaurayensu. Lura da kyau, 'yar'uwa: mutanen Barazil ba mai kawai suka sake ba, injin suka sake ƙerawa don ya dace da man. A Amurka kuwa da masara suke yi. Yawancin fetur ɗinsu yana da itanol kashi 10 cikin 100, akwai kuma wani mai suna E85 wanda itanol ɗinsa kan kai kashi 85. Shi ne masu motocin gudu suke so. Har a babban tseren mil 500 na birnin Indiyanafolis an koma amfani da itanol a 2007.

ZUGAZUGIN MOTA

Inji wuta ce a rufe. Yana zuƙo iska, ya gauraya ta da mai, fistin ya matse su, fulogi ya ƙyasta, su kama, ƙarfin kamawar ya tura fistin. Kin kuwa san wuta da iska take ci. Dubi maƙeri, in yana son ƙarfe ya yi ja, ba gawayi kaɗai yake ƙarawa ba, zugazugi yake zugawa. To, irin waɗannan motoci na gudu ana ɗaura musu wata na'ura wadda bel yake juyawa, aikinta ta riƙa cusa iska cikin inji da ƙarfin tsiya. Zugazugin mota ke nan. Iska ta yi yawa, a ƙara mai, wuta ta yi ƙarfi, mota ta yi gudu.

Amma akwai iyaka. Iskar da aka matse zafi take yi. In matsi da zafi suka yi yawa, sai wani sashi na fetur ɗin ya fashe da kansa ba a kan ƙa'ida ba, a ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In aka ci gaba a haka, fistin kan tsage ko ya huje. A nan ne itanol ya fi fetur. Na farko, yana da haƙurin matsi. Ma'aunin wannan haƙuri ana ce masa okten, fetur ɗin da aka saba yana ɗan sama da 90, itanol kuwa ya haura 100. Na biyu, yana sanyaya iska. Ki tuna sanyin da kike ji a dantse in malamar asibiti ta goga miki auduga da sifirit kafin allura. Haka yake yi wa iskar da ke shiga inji. Saboda waɗannan biyun, makanikai kan sami damar ƙara zugi ba tare da inji ya lalace ba. Ƙarin ƙarfin daga nan yake fitowa.

AIKIN DA YARO BAI GANI BA

Ga inda gizo ke saƙar. Lita ɗaya ta itanol ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, wajen kashi biyu cikin uku take da shi. Awon iskarsu ma ya bambanta. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, na itanol kuwa kilo 9 ya ishe shi. Kin san ruwan da za ki zuba wa mudun shinkafa ba shi za ki zuba wa mudun wake ba. In kin yi wa wake awon shinkafa, ƙonewa zai yi bai nuna ba. Haka injin da aka saita da awon fetur, in ya sami itanol, iska ta yi masa yawa mai ya yi kaɗan, sai ya yi ta shiɗewa, ga zafi.

Don haka kafin a zuba wa motar gudu E85, ga abin da ake yi mata. Ana sake famfon mai da bututun da ke fesa mai a sa manya, domin za ta riƙa shan ƙarin wajen kashi 30 cikin 100. Ana sake tiyo da robobi a sa waɗanda itanol ba ya ci, don yakan kumbura tsohuwar roba ya sa ta ruɓe. Ana sake rubuta lissafin da ke cikin kwamfutar motar, wadda ke yanke yawan mai da lokacin ƙyasta wuta. Akan sa wata 'yar na'ura mai auna yawan itanol ɗin da ke cikin man, domin yakan bambanta daga wannan gidan mai zuwa wancan. Bayan duk wannan ne ake rage girman ƙarfen da bel yake zagayawa a kansa, don zugazugin ya ƙara sauri. Sa'an nan a ɗora motar a kan wata na'ura inda tayoyi ke juyawa tana tsaye wuri ɗaya, ana aunawa ana gyarawa kaɗan-kaɗan.

Duk da haka ba a rabu da wahala ba. Itanol ba ya son tashi da sanyi, har tsofaffin motocin Barazil sai da aka yi musu ɗan ƙaramin tanki na fetur don tayarwa da safe. Ki kwatanta da sanyin hunturun ƙasar Funtuwa. Yana kuma jan ruwa daga iska. In ruwan ya yi yawa, sai ya rabu da fetur, shi da ruwan su kwanta a gindin tanki, inji ya fara zuƙar su. Bugu da ƙari yana wanko tsohuwar dauɗar tanki ta je ta toshe kafireto. Injin maƙwabciyata ba kwamfuta, ba na'urar awo, ƙofar mansa ɗaya ce tak, kamar kafar allura, an huda ta daidai awon fetur. Ina zai kai wannan kaya?

MU A NAN GIDA

Kada ki ce wannan zancen ƙasashen Turawa ne. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar gauraya fetur da itanol kashi 10 cikin 100, wanda za a samu daga rake da rogo da makamantansu, ko da yake ni dai ban taɓa ganin famfon da aka rubuta wa haka a gidajen man da nake zuwa ba. Yawancin motoci da injinan zamani suna iya ɗaukar wannan kashi 10, domin awo ne sananne. Abin tsoro shi ne gaurayen da ba wanda ya san awonsa. Mun ga misali a watan Fabrairu na 2022, lokacin da hukuma ta bayyana cewa an shigo da fetur daga ƙasar Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da kima. Motoci suka lalace, aka janye man, layi ya cika gidajen mai makonni. Tun kuma ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Duk lokacin da abu ya yi tsada, masu algus sukan yi yawa, masu neman dabara ma haka.

SHAWARATA GARE KI

Na farko, kada ki bari a zuba wa injinki komai ban da man da aka ƙera shi dominsa, ko da wa ya ce ya gani a waya. Ki zaunar da yaran da ke tayar miki da inji ki yi musu bayanin dalili, don tsawa kaɗai ba ta hana yaro gwaji.

Na biyu, in kin sayi man kwalba a bakin hanya, ki bar shi ya natsa a farar kwalba ki duba. In kin ga ya rabu biyu, wani ruwa ya kwanta a ƙasa, kada ki zuba.

Na uku, ga gwaji mai sauƙi. Ki zuba ruwa kamar kaurin yatsa ɗaya a siririyar farar kwalba, ki ɗaura zare daidai inda ya tsaya. Ki ƙara fetur kamar ninki goma na ruwan, ki rufe, ki girgiza, ki ajiye minti biyar. In ruwan ya hau ya wuce zaren, akwai itanol ko metanol a cikin man, domin sukan bar fetur su bi ruwa. A fili za ki yi wannan, nesa da murhu da fitila.

Na huɗu, in inji zai kwana biyu ba aiki, ki rufe makunnin mai ki bar shi ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa. Da damina kuma ki riƙa rufe bakin tanki da na jarka da kyau.

Na biyar, masu sana'ar turare, ku yi hattara. Metanol da itanol kamarsu ɗaya a ido, amma metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa kan makantar ko ya kashe. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda shan abin da ke ɗauke da shi. Wutarsu kuma da ƙyar ake ganinta da rana. Kada a ajiye su a robar ruwan sha, a rubuta suna a jiki, a sa inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Maƙwabciyata dai injinta ya tashi, yaron kuma ƙanen maigidana ya ce a turo masa shi gareji duk ranar da ba makaranta, tun da yana da son sanin inji, ya koya a hannun masu shi. Wadda take da tambaya ko wani abin da ya taɓa faruwa da injinta, ta rubuto mana, wata ta ƙaru.