Zagayen Ƙarshe A Abu Dhabi

Ranar Lahadi, 12 ga Disamba, 2021, a filin Yas Marina na Abu Dhabi, aka yi tseren da ya rufe gasar motoci ta duniya da ake kira Formula 1, kuma har yau ma'abota wannan wasa ba su gama jayayya a kan abin da ya auku a cikin mintocinsa na ƙarshe ba. Mutum biyu suka iso da maki 369.5 kowannensu, ba ƙari ba ragi: Lewis Hamilton mutumin Ingila, mai tuƙa Mercedes, wanda yake neman kambinsa na takwas don ya zarce Michael Schumacher, da Max Verstappen ɗan Holan, mai tuƙa Red Bull, wanda bai taɓa ɗanɗana ko ɗaya ba. Rabon da a ga kunnen doki irin wannan a ranar ƙarshe tun 1974.

Zagaye 58 ake yi. Har zuwa na 53 Hamilton yana gaba da tazarar fiye da daƙiƙa goma, sai wani direba, Nicholas Latifi, wanda ba ya cikin lissafin kowa, ya daki shinge, motarsa ta tsaya a kan hanya. Al'ada a nan ita ce motar kiyaye haɗari ta fito, kowa ya bi bayanta a jere cikin natsuwa har a kwashe tarkace, don haka duk tazarar da na gaba ya sha wuya ya tara sai ta narke. Verstappen, da yake ba abin da zai rasa, ya ratse aka sa masa sababbin tayoyi masu laushi. Shi kuwa Hamilton ba halin tsayawa, domin in ya tsaya ya sallama gaba, alhali ana iya ƙare tseren a bayan motar kiyayewar, sai ya ci gaba da tsofaffin tayoyinsa da suka kusa cin zagaye arba'in.

To, a nan gizo yake saƙar. Tsakanin mutanen biyu akwai motoci biyar da aka riga aka tsere wa da zagaye guda. Nassin ƙa'idar wancan lokacin, sashe na 48.12, ya tanadi cewa in za a bar irin waɗannan su wuce, motar kiyayewa ba za ta janye ba sai a ƙarshen zagayen da ke biye. Darektan tsere, Michael Masi na Ostareliya, ya fara sanar da cewa ba za su wuce ba. Can a zagaye na 57 ya sake shawara, ya yi izini ga biyar ɗin nan kaɗai ban da sauran takwarorinsu da ke baya, kana ya janye motar a wannan zagayen. Da an bi nassi yadda aka saba, da tsere ya ƙare Hamilton na gaba. Maimakon haka aka sami zagaye ɗaya tak, sabuwar taya a gindin tsohuwa, Verstappen ya wuce a kwana ta biyar, Hamilton kuwa ya faɗa ta rediyon motarsa cewa an shirya abin ne.

Shin maguɗi ne? Malaman fiƙihu sun ɗora nauyin kawo bayyina a kan mai da'awa, kuma maguɗi ba ya tabbata sai da niyya. Ba Masi ya aiki Latifi ya daki shinge ba, kuma kamfanonin da ke fafatawa a gasar da kansu sun daɗe da nuna cewa sun fi son a ƙare tsere ana gudu, ba ana rarrafe ba. Wanda yake son ya ga yadda ganganci yake in ya tabbata, sai ya duba Jerez ta ƙasar Sifen a 1997, inda Schumacher ya karkato motarsa kan ta Jacques Villeneuve a tseren ƙarshe, hukumar FIA mai kula da gasar ta bincika, ta soke matsayinsa na biyu a gasar shekarar ɗungum. A Abu Dhabi ba a sami hujja mai kama da wannan ba.

Amma rashin hujjar maguɗi bai wanke hukuncin ba, a ganina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duniya tana saurare ta talabijin, Toto Wolff na Mercedes da Christian Horner na Red Bull kowa yana magana a kunnen Masi yana jan ruwa zuwa gonarsa, shi kuma yana da 'yan daƙiƙu ya yanke. Alƙalin da masu husuma suke yi wa raɗa yana kan shari'a, sa'an nan ya bar nassi ya koma ijtihadi, ijtihadin kuma ya faɗa wa ɓangare guda, ko zuciyarsa fara ce tas, bai bar wa kansa abin kare kai daga zato ba.

Mercedes ta kai ƙara a daren, alƙalan tsere suka kore ta da hujjar cewa darekta yana da iko a kan motar kiyayewa. Bayan kwana huɗu ta janye niyyar ɗaukaka ƙara. A Fabrairun 2022 aka sauke Masi, aka kuma daina watsa maganar kamfanoni da darekta. Rahoton FIA na watan Maris ya ce kuskure ne irin na ɗan Adam, an yi shi da kyakkyawar niyya, an kuma gyara lafazi guda a cikin ƙa'idar don ya nuna dukkan motocin da aka tsere wa, ba wasunsu ba. Sakamako dai ya tsaya yadda yake, Verstappen 395.5, Hamilton 387.5. Latifi kuwa, wanda iyakar laifinsa motarsa ta ƙwace masa a kwana ta 14, ya bayyana daga baya cewa har barazanar kisa aka riƙa aika masa.