Idan A-Kori-Kura Ta Ƙi Tashi: A Gano Laifi Kafin A Sayi Kaya

Ga ɗan kasuwar da ya yi lodin tumatir ko tattasai tun da asuba, babu tashin hankalin da ya kai a murza makullin a-kori-kura ta ƙi tashi, domin kayan gwari ba sa jiran bakanike. Amma asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ke biyo baya, inda ake sayen batir, da kwayil, da filogi ɗaya bayan ɗaya bisa hasashe, alhali laifin yana wani wuri dabam.

Matakin farko shi ne sauraro. Idan an murza makulli injin bai juya ba, sai wani ɗan ƙas-ƙas ko kuma tsit, to ba a kai ga maganar filogi ba tukuna. A kunna fitilun gaba a sake gwadawa. In sun dushe, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa. In haskensu bai rage ba, sai a tuhumi kik-sitata, ko makunni, ko wayar da ke tsakaninsu. Cikakken batir yakan nuna kimanin bolt 12.6 a ma'auni, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da ake tayar da injin. Sau da yawa kankare kawunan batir da ɗaure wayar da ta haɗa shi da jikin mota sun wadatar.

Idan kuwa injin yana juyawa amma bai kama ba, ko dai wuta ce ba ta zuwa, ko kuma mai. A cire filogi ɗaya, a mayar da wayarsa, a jingina ƙarfensa da jikin injin, wani ya murza makulli. A riƙe shi da filaya mai roba, nesa da fetur, don wutar kwayil ta kai dubban bolt. Tartsatsi mai shuɗi alama ce ta lafiya. Mai rauni, ko rashinsa gaba ɗaya, shi ke nuna laifi. Shi kansa filogin shaida ne: in ya fito jiƙe da fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu, in ya fito a bushe bayan an sha gwadawa, a koma kan famfon mai da matatarsa.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta sa suka yawaita a ƙasar nan, galibi laifin yana cikin distirbuta. Bakin kwantak yakan ƙone ko ya matse, alhali ratarsa ta kamata ta kasance kusan milimita 0.4. Kondensa, mai araha ƙwarai, in ta mutu takan hana mota tashi, a ɗora wa kwayil laifin banza. Da damina raɓa kan kwanta cikin murfin distirbuta, kuma busasshen tsumma ya isa magani. Wanda ya cire wayoyin filogi ya tuna cewa jerin wutar irin waɗannan injuna masu silinda huɗu shi ne 1-3-4-2.

Motocin baya-bayan nan ba su da kwantak; kwamfuta ce ke raba wuta bisa saƙon na'urar da ke lura da juyawar kurankishaf. In na'urar ta lalace, ko makullin da aka yanko ba ya ɗauke da ƙwayar tsaro ta asali, injin zai yi ta juyawa ba ya kamawa. A nan hasashe ya fi tsada. Ƙananan motoci da a-kori-kura na kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike, kuma kuɗin binciken bai kai na kaya ɗaya da aka saya a banza ba.

Mai injin dizal kuwa kada ya nemi tartsatsi, domin matsin iska ke kunna mansa. A duba filogin ɗumama injin, musamman da hunturu, sannan a tabbata iska ba ta shiga bututun mai ba.