Ko Ka San Dabbar Tekun da Ta Haska Wa Masana Cikin Ƙwayar Halitta?

A gabar yammacin Amurka akwai wata jelifish, dabbar teku marar ƙashi, mai suna Aequorea victoria. Gefen jikinta na ba da koren haske. Daga jikinta ne masanin Japan Osamu Shimomura ya gano furotin ɗin GFP, mai ba da wannan koren haske, a 1962. A 1994 Martin Chalfie ya sa wata 'yar tsutsa ta riƙa ƙera shi da kanta. Su biyun da Roger Tsien suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008.

To me ya haɗa wannan dabba da RNA? RNA shi ne ɗan aiken da ke ɗauko umarni daga DNA ya kai wurin ƙera furotin. Ba shi da launi, ga ƙanƙanta. Hanyoyin da aka saba bi a da, sai an kashe ƙwayar halitta an rina ta kafin a gan shi, matacciya kuwa ba ta nuna tafiya. Ko an manna masa GFP guda ɗaya, haskensa ɓacewa yake yi a cikin hasken da ita kanta ƙwayar ke fitarwa.

A 1998 ɗakin binciken Robert Singer da ke New York ya samo dabara daga MS2, wata ƙwayar bairos mai kama bakteriya. Furotin ɗin rigarta yana damƙe wani lanƙwasasshen gutsuren RNA gam. Sai masanan suka jera irin wannan gutsure a wutsiyar RNA ɗin da suke son bi, suka haɗe furotin ɗin rigar da GFP. Yau an fi jera gutsure 24, kowanne na kama furotin biyu. Ka ga ɗan aike guda zai iya ratayo fitilu har 48, sai ya fito ɗigo mai ƙyalli a madubin bincike.

Da wannan aka kalli RNA mai suna ASH1 yana tattaki daga uwar ƙwayar yis zuwa tohon 'yarta.

Sai dai kaya in sun yi yawa suna canza halin mai ɗaukarsu: wutsiyar na iya hana RNA ruɓewa a kan lokaci. Shi ya sa masana ke gwada abin da suka gani da RNA marar wutsiya kafin su yarda da shi.