Ɗan waƙafin da ke kayar da ɗalibai, yake kuma raba kan Turawa

A watan Agustan 2024, lokacin da Kamala Harris ta ɗauki Tim Walz a matsayin mataimakinta a takarar shugabancin Amurka, wata muhawara ta ɓarke wadda ba ta siyasa ba: shin "Harris'" za a rubuta ko "Harris's"? Kamfanin dillancin labarai na AP ya tsaya kan na farko, jaridar New York Times kuma na biyu.

Wannan ɗan waƙafin sama da ke nuna mallaka a Turanci shi ne ke cin makin ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO, yake kuma zubar da kimar takardar neman aiki tun kafin a kai ƙarshenta.

Mai jin Hausa yana da nasa tarkon. A Hausa abin da aka mallaka ne ke zuwa gaba, ya ɗauki -n ko -r: littafin yaro, motar Audu. Turanci ya juya tsarin, mai abu ke fara zuwa, shi ke ɗaukar alamar: "the boy's book". Idan yaran da yawa ne, waƙafin sai ya koma bayan s: "the boys' book". Kunne ba ya jin bambanci, sai ido. Jam'in da bai ƙare da s ba kuwa, kamar "children", sai ya zama "children's".

Inda aka fi faɗawa shi ne "its" da "it's". Na farko ne na mallaka, ba ya ɗaukar waƙafi, kamar "hers" da "theirs". Na biyu taƙaitawar "it is" ne ko "it has". Hanyar dubawa mai sauƙi ce: a warware kalmar zuwa "it is", in jimlar ta lalace, a cire waƙafin. Kada a dogara da manhajar gyaran rubutu ta waya, sau da yawa ita ke cusa shi inda bai dace ba.

Su ma masu harshen ba su daidaita ba. A 2009 hukumar birnin Birmingham ta daina sa shi a allunan tituna. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, tashar Earl's Court na da waƙafi, maƙwabciyarta Barons Court ba ta da shi. Sai dai mai duba takardar jarrabawa ba ya karɓar wannan uzuri.