Dutsen Kwalli da Gashin Bakin Kyanwa: Rediyon da Ba Ya Cin Batir

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan koli a Kasuwar Kurmi ya san dutsen nan mai nauyi, baƙi-baƙi mai ƙyalli, wanda ake niƙawa a ɗura a tandu. Mu kwalli muke ce masa, ko tozali. Sau da yawa dutsen nan shi ne wanda masana ma'adinai ke kira galina, wato dalma ce haɗe da farar wuta, kuma ana haƙo shi a ƙasar nan, a Zurak ta jihar Filato da kewayen Abakaliki. Da ɗan ɓallin irin wannan dutse, wanda bai fi ƙwayar wake ba, ɗimbin mutane a Amurka da Ingila suka fara jin muryar ɗan Adam ta iska, shekaru ɗari da suka wuce.

Akwatin da suke amfani da shi ba shi da batir, ba a kuma jona shi da lantarki. Kayansa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba: doguwar waya da ake ɗaurewa a sama a matsayin eriya, wata wayar da ake kafewa a ƙasa, naɗin wayar jan ƙarfe a jikin kwali, kwandansa mai murɗawa, ɗan dutsen, sai abin sawa a kunne. Shi ke nan. Har gobe akwai masu haɗa shi don sha'awa a ƙasashe da dama, suna gasar wanda zai kamo tasha mafi nisa.

To ina yake samun ƙarfin yin magana? Daga tashar kanta. Eriyar gidan rediyo tana watsa ƙarfin lantarki a sararin sama a matsayin igiya, duk wayar da igiyar ta gifta kuwa sai ta tayar da 'yar wuta a cikinta. Wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko kusa ba za ta kunna ƙwan tocila ba, amma kunnen mutum bai buƙatar abu mai yawa. Muryar da kake ji, man janaretan tashar ne ya kawo ta har cikin kunnenka. Na daɗe da sanin wannan, amma har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Sai dai eriya ba ta zaɓe, duk tashar da ke iska kwasowa take yi. Aikin tacewa na naɗin waya ne da kwandansa. Ka tuna lilon yara: in kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, sai ya yi ta yin sama, in ka saɓa lokaci kuma sai ya mutu. Naɗin da kwandansa suna da nasu bugun, igiyar da ta dace da shi ita ke ƙarfi, sauran su dusashe. Murɗa kwandansa canza bugun ne, abin da muke kira neman tasha ke nan.

Aikin dutsen ya fi duka ban mamaki. Tashar da ke kan kilohaz 600 tana kai da komo sau 600,000 a daƙiƙa guda, murya kuma tana bisa wannan igiya kamar mahayi a kan doki, tana ƙara mata tsayi tana ragewa. In aka kai ta kunne a haka ba za a ji komai ba, domin turawa gaba da jawowa baya sun yi kunnen doki. Dutsen kuwa ƙofa ce mai buɗewa gefe guda: yana barin wuta ta wuce ta nan, ya tare mai dawowa. Da an zubar da rabi, sai muryar ta fito fili. Amma ba ko'ina a jikin dutsen ke wannan aiki ba. Sai an ɗauki siririyar waya, wadda Turawa suka laƙaba wa suna gashin bakin kyanwa, ana taɓa nan ana taɓa can har a dace. Wani ya buga tebur, an koma farko.

Bajamushe Ferdinand Braun ne ya gano wannan hali na irin waɗannan duwatsu a 1874, tun babu rediyo. Jagadish Chandra Bose na Indiya ya yi amfani da galina wajen kama igiyoyi, ya sami rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1904, sannan Greenleaf Pickard ya yi rajistar tasa ta silikon a 1906. Kasuwar abin ta buɗe bayan tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban Amurka ranar 2 ga Nuwamba, 1920. Rediyon kanti tsada gare shi, don haka a 1922 hukumar ma'aunai ta Amurka ta buga ɗan littafi mai koya wa mutane haɗa nasu a gida, yara suka yi ta naɗa waya a jikin kwalin hatsin karin kumallo. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da aka ritsa da su a Anzio ta Italiya a 1944 sun haɗa irinsa a ramukansu da reza da bakin fensir a madadin dutse. Binciken da aka yi kan irin wannan mahaɗar waya da dutse saboda na'urar hango jirage shi ya share hanyar tiransisto a 1947. Wayar da ke aljihunka jikar dutsen nan ce.

Mai son gwadawa a yau ba sai ya wahala da dutse ba. Dayod na jamaniyam mai lamba 1N34A yana yin aikin, ya kuma fi na silikon da ke cike da shagunan masu gyara, domin shi ƙaramar wuta ta ishe shi buɗewa. Wayar naɗi tana wurin masu gyaran fanka: a yi zagaye kamar 80 a jikin guntun bututun roba, a kankare fentin bakinta kafin a haɗa. Kwandansa a ciro daga mataccen rediyo. Eriya ta kai mita 20 ko fiye, a ɗaga ta sosai. Wayar ƙasa a ɗaura ta a rodi, a kafa inda ke da danshi, kamar gindin randa ko bakin rariya, don ƙasar rani busasshiya ba ta amsawa. Inda aka fi faɗuwa shi ne abin kunne. Na wayar salula ba ya yi, yunwar wuta gare shi. Sai irin mai ɗan faifan kiristal, ko a sa ƙaramar taransifoma a tsakani.

Abu biyu ba na wasa ba ne. Kada eriya ta kusanci wayar wutar lantarki, kuma da hadari ya taso a cire ta daga akwatin. Wanda kuma ya nace sai da dutsen kwalli, ya tuna dalma guba ce. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Kada a niƙa shi, kada a bar wa ƙananan yara, a wanke hannu bayan an taɓa. Wannan gargaɗi ya shafi mai sa wa jariri shi a ido ma.

Damuwata ita ce wannan akwati tashoshin AM yake kamawa, galibi na matsakaicin zango, ba ya jin FM. Mu da muka tashi da Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962 yana ratsa Arewa har ƙetaren iyaka, muna gani sababbin tashoshi kusan duk FM ne, tsofaffin manyan injuna kuma man da suke sha ya sa ba kullum ake kunna su ba. Malamin kimiyya da ke son ɗalibansa su ga yadda murya ke tafiya a iska, da kayan da kowanne za su iya riƙewa a hannu su faɗi aikinsa, gara ya yi yanzu tun akwai abin kamawa. Ya fara binciken ko akwai tashar AM mai aiki kusa da garinsu. In ta yi nisa, a gwada bayan isha'i, lokacin da igiyoyin matsakaicin zango ke dawowa daga sama su yi tafiya mai tsawo. A kashe fanka, kowa ya yi shiru, a miƙa wa yaro ɗaya abin kunnen, a bar shi ya murɗa da kansa a hankali.